ABIN DA KUNNE YA ƊAUKA TUN YARINTA: Tarihin gyaran karatu daga Madina zuwa Adar da Gobir

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, ka tuna lokacin da kake yaro a sahun baya, kana yin abin da ka ga manya suna yi. Liman zai ɗago daga ruku'u ya yi tasmi'i, kunnenka kuma ya tsinci kalmomi biyu: "liman hamidah". Ni kaina na ɗauki shekaru ina zaton sunan wani babban limami ne ake ambata, wani Liman Hamidu, ina kuma mamakin yadda ya shahara har kowane masallaci ke kiran sunansa a kowace raka'a. Sai da na girma malami ya warware mini: "li-man" a Larabci yana nufin "ga wanda", kuma jimlar tana cewa ne Allah Ya ji wanda ya gode Masa, wato Ya amsa masa. Babu wani limami a cikinta.

Wannan abin dariya ne, bai ɓata sallar kowa ba. Amma kunnen da ya jiyo Liman Hamidu shi ne dai ya jiyo mana Fatiha da tahiya da iƙama, muna da shekara shida ko bakwai, a cikin hayaniyar makarantar allo. Da yawanmu tun daga ranar ba mu sake zama gaban wani ya saurare mu ba. Mutum ya kai shekara hamsin yana karanta Fatiha a raka'a goma sha bakwai ta farilla kowace rana, da irin karatun da ya ɗauka tun kafin ya famshe haƙora. Wannan matsala tsohuwa ce, kuma tarihin yadda malamai suka yi fama da ita ya ratsa ta ƙofar gidanmu, nan tsakanin Azarori da Madawa da Buza da Keita.

SAHABBAI MA AN YI MUSU GYARA

Kada kunya ta kama ka, domin waɗanda suka fi mu sun fahimci abu a baibai an gyara musu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Adiyyu ɗan Hatim, da ya ji ayar azumi ta cikin Suratul Baƙara da ke maganar farin zare da baƙin zare, sai ya samo igiya biyu, fara da baƙa, ya sa ƙarƙashin matashin kansa. Yana dubawa cikin dare, yana jiran ya iya rarrabe su kafin ya kame baki. Da gari ya waye ya gaya wa Annabi (SAW), sai ya yi masa raha a kan faɗin wannan matashi nasa, sannan ya bayyana masa cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Ammaru ɗan Yasir kuma janaba ta same shi a tafiya babu ruwa, ya yi birgima cikin ƙasa yana zaton taimamar wanka sai ta game jiki duka. Aka nuna masa cewa bugun ƙasa da tafuka da shafar fuska da hannaye sun isa.

A shekara ta 10 bayan hijira rana ta yi husufi a yinin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu. Mutanen Madina suka ce saboda rasuwarsa ne. Wannan zato girmamawa ce gare shi, amma bai bar shi ya kwana ba. Ya yi salla da jama'a, ya sanar da su cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, husufinsu ba ya da alaƙa da mutuwar wani ko rayuwarsa. Ka dubi wannan, ka tuna daren da aka ce mana rana ta kama wata, muka fita da gwangwanaye muna kaɗawa don ta sake shi. Abin da aka koyar a irin wannan lokaci shi ne salla da addu'a da sadaka.

Abin lura a dukan waɗannan labarai shi ne, mai kuskuren ya kawo kansa ko an gan shi, an gyara masa a take, ba a kuma kore shi ba.

WASALI ƊAYA DA YA SA AKA ƊIGA WA ALƘUR'ANI ALAMA

Mus'hafan da aka rubuta a zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan ba su da ɗigo, ba su da wasali. Balaraben wancan lokaci ya ɗauki karatu daga bakin malami, rubutu tunatarwa ne kawai gare shi. Da Musulunci ya yaɗu, Farisawa da sauran al'ummu suka shigo, harsuna suka cakuɗa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Abul Aswad Addu'ali, wanda ya rasu a Basra a shekara ta 69 bayan hijira, ya ji wani mutum yana karanta aya ta uku ta Suratut Tauba, ya yi wa kalmar "rasuluhu" kisira, ya ce "rasulihi". Ayar tana sanar da cewa Allah da ManzonSa sun barranta daga masu shirka. Da wannan wasali ɗaya ma'anar ta juye, ta koma kamar Allah Ya barranta daga ManzonSa. Abul Aswad ya firgita. Ya nemi marubuci, ya umarce shi ya riƙa kallon leɓɓansa yana sa ɗigo da tawada mai wani launi: ɗigo a bisa harafi don fataha, a ƙasa don kisira, a gabansa don rufu'a.

Bayansa Nasru ɗan Asim da Yahaya ɗan Ya'amar suka sa ɗigon da ke rarrabe haruffa masu kama da juna, irin su ba da ta. Sannan Halilu ɗan Ahmad, malamin Sibawaihi, ya tsara siffofin wasulla da shadda da muke gani yau. Idan ka buɗe Alƙur'ani rubutun hannu na alarammominmu, ka ga babbaƙu da baƙar tawada, wasulla da ja, to gadon wancan aiki kake kallo.

Malamai ba su tsaya nan ba, sai da suka mai da tattara kurakuran jama'a fanni mai zaman kansa. Kisa'i, ɗaya daga cikin makaranta bakwai, wanda ya rasu a shekara ta 189, ana jingina masa littafi a kan abin da gama-garin mutane ke kuskurewa a magana. Zubaidi na Andalus, wanda ya rasu a 379, ya rubuta irinsa game da mutanen ƙasarsa. Abu Ahmad Al'askari, wanda ya rasu a 382, ya tattara kurakuran da malaman hadisi kansu suka yi wajen karanta sunaye da kalmomi. Masana tajwidi kuma suka kasa kuskuren karatu gida biyu: bayyananne, kamar canja harafi ko wasali, da ɓoyayye, wanda sai gwanaye ke gane shi. Na farkon shi ne ya shafi kowane mai salla.

YADDA KUNNEN BAHAUSHE YA JI LARABCI

Mu a nan mun karɓi Larabci ta kunne tun kafin yawancinmu su iya karanta shi, kuma harshenmu yana ɗauke da shaidar haka. Kakanninmu sun ji "al-imam" suka ce liman, suka ji "al-khabar" suka ce labari, "al-akhira" ta zama lahira, "al-ahad" ta zama Lahadi. Sun haɗe alamar "al" da kalmar suka mai da su abu ɗaya. Harafin da almajirai ke kira lodi ya koma "l" a bakinmu, shi ya sa muke cewa alwala da farilla da larura da haila da alƙali. Wannan ba ragwanta ba ce zalla. Sibawaihi ya siffanta cewa wannan harafi daga gefen harshe yake fita, kusa da mafitar lam, kuma mutanen Sifen da suka ji Larabcin Andalus su ma sun ji "l" a ciki: har yau magajin gari a harshensu "alcalde" ne, daga kalmar da ta ba mu alƙali.

Duk waɗannan kalmomi sun zama Hausa tsantsa, babu laifi a kansu. Wanda ya ce zai yi alwala bai yi kuskure ba, Hausa yake yi. Matsala tana farawa ne sa'ad da muka shiga salla da wannan al'ada ta baki. Mutumin Adar da Gobir da ya saba cewa "hwari" da "tahi" sai ya yi hattara da harafin fa a cikin karatu. Haka Ba'abzine da Bafulatani, kowa da inda harshensa ke zamewa. Ga kaɗan daga cikin abin da malamai suka daɗe suna jan kunne a kai:

Ƙaf da kaf. "Ƙalbu" zuciya ce, "kalbu" kare ne. "Ƙul" yana nufin ka ce, "kul" yana nufin ka ci.

Kabbara. Wanda ya ja ƙarshenta ya ce "akbaar" ya faɗi jam'in wata kalma mai ma'anar ganga. Wanda ya ja farkon sunan Allah kuma ya mai da maganar tambaya.

Cikin Fatiha. "An'amta" yana nufin Kai Ka yi ni'ima. Idan aka ce "an'amtu", mai karatu ne ke cewa shi ya yi ni'imar. "Iyyaka" kuma dole a ƙarfafa ya ɗinta, domin in an sassauta ta koma wata kalma mai nufin hasken rana.

Sallama. "Assalamu" aminci ne. Idan aka haɗiye lam aka ce "assamu", mutuwa aka yi wa mutum fata. An taɓa yi wa Annabi (SAW) wannan da gangan a Madina, mu kuwa gaggawa ce ke sa mu yi wa juna ba da sani ba.

MARATTA DA MADAWA

Yanzu mu dawo gida. Idan ka bar Madawa ka nufi Birnin Ƙonni, kusa da Galmi akwai Maratta. A nan aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙarshen watan Safar na shekara ta 1168, daidai da 15 ga Disamba 1754. Ka lura da watan. Shi ne watan da har yau wasu ke gudun ɗaura aure ko tafiya a cikinsa, alhali hadisi ingantacce ya kore shu'umcin Safar, ga shi kuma a cikinsa Allah Ya ba ƙasar nan mujaddadinta.

Ɗaya daga cikin manyan malaman Shehu shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu ya bi har Agadas, wanda kuma ya ƙare rayuwarsa a wannan yanki namu na Madawa. Malam Jibrilu ya yi hajji, ya sadu a Alƙahira da Murtala Azzabidi, mai babban ƙamus ɗin Larabci Tajul Arus, wanda ya rasu a 1791, ya karɓi ijaza daga gare shi. Ka ga ke nan silsilar masu tsare kalma ta taho daga Masar ta sauka a Adar.

Shehu ya fara wa'azi yana da shekara ashirin, wajen 1774. Bai tarar da mutanen da ba su san salla ba. Ya tarar da mutanen da suka gaji salla gauraye da abin da suka ji daga iyaye, ba su rarrabe wanne ne addini wanne ne al'ada. Shi ya sa wa'azinsa ya fara daga tushe: imani, tsarki, alwala, salla, azumi, da Fulatanci da Hausa, don wanda bai iya Larabci ba ya ji. A 1793 ya rubuta Ihya'us Sunna, inda a kowane babi yake kawo yadda sunna take, sannan ya lissafa abin da mutane suka ƙara. Yana da wani littafi mai suna Hisnul Afham, wanda ya keɓe don zace-zacen da suka zauna a zukatan mutane har suka ɗauke su gaskiya, ciki har da na ɗalibai da masu wa'azi.

A Nurul Albab ya zargi malaman da ke tara ɗalibai a zaure suna barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilcin alwala da salla. Da wani malami, Mustafa Gwani, ya soki yadda mata ke halartar wa'azinsa, ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ɗauki wannan aiki ta kafa tsarin Ƴan Taru. Tana naɗa dattijuwa jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta kai karatu ƙauyuka ta hanyar waƙoƙin da mata ke haddacewa. Dalilin wannan ɗawainiya a fili yake: uwa ce farkon bakin da yaro ke ji, abin da ta riƙe daidai ko a karkace shi zai bi jikoki.

Akwai kuma ɗaya gefen da bai kamata a manta ba. A zamanin Shehu an sami ɗaliban ilmin tauhidi da ke tare talakawa da tambayoyi, wanda ya kasa amsawa da hujjojin littafi su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi musu raddi a littattafai da dama, ya tsaya a kan cewa imanin gama-garin Musulmi ingantacce ne. Ko malaminsa Jibrilu, duk da girman da yake ba shi, ya saɓa masa a kan kafirta mutum saboda zunubi. Mutumin da ya fi kowa gyara wa jama'a kuskure shi ne ya fi kowa kare su daga masu tsanani.

BA DUK ABIN DA YA SAƁA WA KUNNENKA NE KUSKURE BA

Wannan ya kawo mu ga wani zato da ya yaɗu a zamaninmu. Ƙasashen Afirka ta Yamma da Magrib sun gaji ruwayar Warshu, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 197, daga malaminsa Nafi'u, makarancin Madina, wanda Imamu Malik ya yi karatu a wurinsa. Ruwayar Hafsu daga Asim ta ƙara bazuwa a duniya bayan bugun Alƙahira na 1924, sannan kaset da rediyo da wayar hannu suka shigo da ita kowane gida. Sai ka ga saurayi ya ji dattijo ya karanta "maliki" a Fatiha ba tare da ja ba, ko ya karkatar da ƙarshen sunan Musa, ko ya sassauta hamza ya ce "mumin", ya yi tsalle ya ce an yi kuskure. Dattijon yana kan ruwaya mutawatira, saurayin ne bai sani ba. Haka wanda ya buɗe Alƙur'aninmu na gargajiya ya ga fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a bisa: rubutun Magrib ne, ba kuskuren marubuci ba.

Saboda haka kafin ka gyara wa wani, ka san abu uku ne ke iya faruwa. Ko dai kuskure ne na gaske, ko ruwaya ce da ba ka karanta ba, ko kuwa Hausa ce kawai yake yi a wajen salla.

ZACE-ZACEN DA MUKA GIRMA DA SU

Ba lafazi kaɗai kunne ke ɗaukowa a karkace ba, har da hukunci. Nawa ne daga cikinmu suka girma suna tofar da yawu yini guda a watan azumi, suna zaton haɗiye shi yana karya azumi? Ba ya karyawa. Nawa ne suka ɗauka wanda alfijir ya keto masa yana da janaba ba shi da azumin ranar? Nana A'isha da Ummu Salama sun ruwaito cewa hakan yakan sami Annabi (SAW), ya yi wanka ya ci gaba da azuminsa. Wasu suna sake alwala don sun yanke farce, ko don sun ga tsiraicinsu wajen canja tufafi, alhali babu ɗaya daga ciki da ke warware alwala. Wasu kuma suna tsayawa suna ta maimaita lafazin niyya har liman ya yi ruku'u, alhali a mazhabar Malik zuciya ce mazaunin niyya, furtawa ba sharaɗi ba ce.

Ka lura, yawancin waɗannan zace-zace nauyi suke ɗora wa mutum wanda shari'a ba ta ɗora masa ba. Amsoshinsu kuma ba a nesa suke ba. Suna cikin littattafan da ke zauren kowane malami a garuruwanmu: Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ta Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a Ƙairawan a shekara ta 386, ya kuma rubuta ta ne tun farko don a koyar da yara. Ahalari tun a shafinsa na farko ya sanar da baligi cewa bai halatta ya aikata abu ba sai ya san hukuncin Allah a kansa, ya tambayi malamai.

ABIN DA YA RAGE GARE KA

Malaman Malikiyya sun ce wajibi ne mutum ya koyi Fatiha idan yana da iko, wanda kuma harshensa ya gaza bayan ya yi ƙoƙari yana da uzuri. Hadisin Nana A'isha ya yi bushara da lada biyu ga wanda ke karatu yana tuntuɓe saboda wahalar da yake sha. Don haka wannan rubutu ba don ya jefa ka cikin waswasi a kan sallolinka na baya aka yi shi ba. Uzurin yana ga wanda ya gwada ya kasa. Wanda malami ke maƙwabtaka da shi shekara talatin, girman kai kaɗai ya hana shi zama, shi ne ya kamata ya ji tsoro.

Ka tuna Mala'ika Jibrilu yakan yi bitar Alƙur'ani da Annabi (SAW) a kowane Ramadan, a shekarar ƙarshe ma sau biyu. Wane ne kai, wane ne ni, da za mu ce mun wuce a saurare mu? A wannan mako ka sami malamin da ka yarda da karatunsa, bayan magariba ko bayan asuba, ka ce masa: "Malam, ina so ka ji Fatihata da tahiyata." Ka karanta masa a hankali, ka tambaye shi ma'anar kowace jimla. Idan ka koma gida ka saurari uwargida da yara da tsohuwarka cikin ladabi, ko ka nema musu malama. Sauraron kaset yana da amfani, amma kaset ba ya jin ka, ba zai ce maka ka sake ba. In kuwa kai ne aka zo wa, ka rufa wa dattijo asiri, ka gyara masa ku biyu, kada ka mai da shi abin hira a majalisa.

Allah Ya gyara mana harsunanmu da zukatanmu, Ya karɓi ibadunmu da gazawar da ke cikinsu, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka koya mana iyakar abin da suka sani. Allah ne Mafi sani.